ELM327 a motocin Garwa da Marwa: abin da za ka gyara da kanka, da abin da za ka kai gareji

ELM327 'yar na'ura ce da za ka iya dunƙule ta a tafin hannu. Ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ta karanto maka abin da kwamfutar inji ta ajiye game da lafiyar mota. Daga Sin 'yan kasuwa ke shigo da ita, kuma kuɗinta bai kai na galan ɗin baƙin mai mai kyau ba. Masu tallarta na cewa babu ciwon da ke jikin mota da ba ta ganowa. Wannan zancen ciniki ne. Aikin da take yi da kyau shi ne ta raba maka gyara gida biyu: wanda za ka yi da hannunka a inuwar ƙofar gida da sufana uku, da wanda dole sai an kai gareji. A kan wannan kaɗai ta ci kuɗinta. Sharaɗin shi ne motarka ta kasance cikin waɗanda take iya magana da su, kuma a arewacin Kamaru wannan sharaɗi ya fitar da motoci masu yawa.

Kafar da ake soka ta sunanta OBD2, ramuka 16 ne a layi biyu. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci tun 1996. Turai ta biyo baya, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Tunda mafi yawan kwancen motocin da ke yawo a Garwa da Marwa da Ngaundere daga Turai suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, shekarun Turai su ne ma'auninmu. Corolla ta 2002 zuwa 2007, da Avensis da Yaris da RAV4 na wannan zamani, masu fetur duk suna amsawa. Carina E da Starlet da Corolla ta shekarun 1990 kuwa, ko ba su da kafar sam, ko suna da ita amma ba sa jin yaren na'urar. Land Cruiser mai injin 1HZ ba ta da kwamfutar da za a tambaya, famfon nozul ne ke tafiyar da ita. Hilux da aka ƙera wa kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa, irin waɗanda suka cika hanyar Kusiri da Njamena, wata ta amsa wata ta yi gum, don haka mai Hilux kada ya biya sai ya gwada a jikin tasa motar. Manyan motoci masu batir biyu da ke aiki da bolt 24 kada ma a kusance su da ita, don bolt 12 aka yi ta, ƙonewa za ta yi.

Mai Carina E bai yi asara ba, motarsa na da tata hanyar da ba ta cin ko dala. A cikin bonet akwai wani ɗan akwati da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. A ciki za a ga ramuka masu suna TE1 da E1. A haɗa su da guntuwar waya, a murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba, sai a ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Ƙiftawa biyu, ɗan tsayawa, ƙiftawa biyu, lamba 22 ke nan, wato sensar zafin ruwa. Lamba 21 sensar hayaƙi ce, 14 kuma matsalar wuta. Idan fitilar na ƙiftawa bai ɗaya ba tsayawa, kwamfuta ba ta riƙe da wani laifi.

Sai maganar ingancin na'urar kanta. Kamfanin da ya ƙirƙiro ta, Elm Electronics na Kanada, ya rufe a 2022, kuma tun kafin nan kusan duk wadda ke kasuwa kwaikwayo ce. Za ka ga an rubuta v1.5 ko v2.1 a jiki. Hankali zai ba ka cewa babbar lamba ta fi, amma a nan akasin haka ne. Masu lambar 2.1 masu araha sau da yawa an rage musu kayan ciki, sai su yi magana da sababbin motoci su kasa da tsofaffi. Toyota ta Turai ta farkon shekarun 2000 tana magana ne ta rami na 7, sababbi kuma ta rami na 6 da na 14, kuma na 7 ɗin ne marasa kyau suka fi kasawa a kai. Wadda ta fi dacewa da motocinmu ita ce v1.5 mai guntun kwakwalwa PIC18F25K80. Mai wayar Android ya ɗauki ta Bluetooth. Mai iPhone ya nemi ta WiFi ko wadda aka rubuta BLE, don tsohuwar Bluetooth ɗin ba ta haɗuwa da iPhone.

Haɗa ta ba wuya. Inji a kashe, a soka, a murɗa makulli fitilu su kama, a haɗa ta da waya da lambar 1234 ko 0000, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Kuskuren da kusan kowa ke yi a ranar farko shi ne danna maɓallin goge lambobin laifin da kwamfuta ta ajiye. Fitilar inji ta mutu, mai mota ya ji daɗi, alhali bai gyara komai ba, shaidar da makaniki zai yi aiki da ita ce ya share. Duk lambar da ta fito a rubuta ta a takarda ko a ɗauki hoton allon waya. Kwamfuta kuma tana ajiye yanayin da inji ke ciki lokacin da laifin ya faru, gudun mota da zafin ruwa da juyin inji. Shi ma a ɗauke shi. Laifin da ya auku da sanyin safiya inji bai ɗau zafi ba daban yake da wanda ya auku a hawan dutse da rana tsaka.

Lambobin da aka fi gani a motocin fetur a nan su ne P0300 zuwa P0304, wato wata silinda ba ta kama wuta yadda ya kamata. Mota na karkarwa a tsaye, tana shaƙewa in an taka totur. A nan ne na'urar ta fi biyan mai ita, domin lambar ƙarshe, in ba sifiri ba ce, tana faɗa maka silindar da ke da laifi. A ce P0302 ta fito a Corolla mai injin 3ZZ, mai lita 1.6. Kowace silinda tana da kwil ɗinta a kan fulogi, noti guda mai lamba 10 ke riƙe da shi. Inji a sanyaye, a zare soket ɗin kwil na biyu da na uku, a kwance su, a musanya musu wuri. Yanzu ne ake goge lamba. A tayar, a ɗan zaga. Idan lamba ta koma P0303, ciwon ya bi kwil, shi za a saya, guda ɗaya tak. Idan ta tsaya a P0302, a musanya fulogi ta wannan hanya. Wannan gwaji na minti ashirin yana hana mutum sayen kwil huɗu da fulogi huɗu a kan zato.

Canjin fulogi aikin gida ne, amma akwai wurare uku da ake ɓata shi. Na farko ƙura. Ramin fulogi yana tara rairayi, musamman bayan hunturu, kuma da zarar an zare fulogi duk abin da ke ramin silinda zai faɗa. A hure ramin tukuna. Na biyu zafi: kan injin alminiyom ne, kwance fulogi yana da zafi kan ci zaren ramin. Na uku ɗauri. A fara murɗa sabo da yatsu ta hanyar soket mai lamba 16, ba tare da hannun sufana ba, sai ya shiga sumul har ƙasa sannan a ƙara masa ɗan ɗauri. In ya yi tauri tun zagaye na biyu, ya hau zare a karkace, a dawo da shi baya. Tazarar bakin fulogi a waɗannan injuna milimita 1.1 ce. Wanda ya tilasta fulogi ya cinye zare ya mayar da aikin 'yan mintoci aikin mai injin sassaƙa ƙarfe.

Idan an musanya kwil da fulogi lambar ba ta motsa daga silindar ba, aikin gida ya ƙare. Saura nozul, ko bawul, ko matsin silindar kanta, kuma waɗannan sai da ma'aunin matsi. Haka nan idan fitilar inji ƙiftawa take yi ana cikin tafiya, ba kamawa kawai ba, a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Ɗanyen fetur ne ke wucewa zuwa salansa yana ƙona kataliza, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa.

Lamba ta biyu da ta zama ruwan dare ita ce P0171: iska ta yi wa fetur yawa. A nan ne masu gaggawa ke asarar kuɗi, domin sukan ɗauka lambar na nufin sensar hayaƙi ta mutu, su saya, fitila ta dawo bayan kwana biyu. Na'urar nan kamar ma'aunin zafi take a asibiti, ta nuna akwai zazzaɓi, ba ta ce sauro ne ko ruwan sha ba. Sai an haɗa da abin da take nunawa inji na aiki. A manhaja akwai lambobi biyu, STFT da LTFT, su ne ke nuna yawan fetur da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don daidaita ƙuna. A lafiyayyen inji ba sa wuce kashi 5 zuwa 10 sama ko ƙasa da sifiri. A bar inji ya ɗau zafi, a duba jimlarsu a silo, sannan a riƙe totur a juyi 2,500 a sake dubawa. Idan jimlar ta yi sama a silo, misali kashi 20, ta sauko da aka taka totur, iska ce ke satar hanya: tiyon roba ya tsage, ko gaskit ɗin bututun shigar iska ya bushe. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, yana gasa roba har ta farfashe. A bi tiyoyin da hannu ana lanƙwasa su, musamman babban da ke tsakanin filtar iska da totur, tsagar na ɓuya a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa. Canza tiyo aikin gida ne.

Idan kuwa jimlar ƙaruwa take yi da aka taka totur, ko dai sensar iska ta yi datti, ko fetur ba ya isowa. Sensar iska tana nan daf da akwatin filta, sukurori biyu ke riƙe da ita. A cikinta akwai siraran wayoyi da ƙura ke lulluɓewa, sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da yadda take shiga. A cire ta, a fesa mata maganin da aka yi don ita, a bar ta ta bushe minti goma sha biyar, a mayar. Ba a taɓa wayoyin da yatsa ko tsinke, ba a wanke ta da fetur. Yawanci laifin daga filtar iska yake: ko jabu ce wadda bakinta bai zauna daidai a akwati ba, ko an hure ta da iskar mai faci har takardar ta huje. A ɗaga filta a rana. Idan ana ganin ɗigon haske kamar an soka allura, ta gama aiki, ko da ta yi fari tas.

An wanke sensa, an canza filta, lambar ta ƙi sauka? To, zancen ya koma tanki, kuma a yankinmu ba abin mamaki ba ne. Zuwa-zuwa da ake saye a kwalabe da jarkoki a bakin hanya yakan zo da ruwa da laka, ba don kowane mai sayarwa maha'inci ne ba, sai don mai ya bi ta durom da jarkoki da yawa kafin ya iso. Dattin yana toshe rariyar famfon da ke cikin tanki. Matsin fetur a waɗannan Toyota ya kamata ya kai bar 3 zuwa 3.5, kuma ELM327 ba ta ganin wannan lamba a motocin wannan zamani, sai an ɗaura ma'auni a kan tiyon mai. Buɗe tanki ta ƙarƙashin kujerar baya, tururin fetur na tashi a cikin rufaffiyar mota, ba aikin ƙofar gida ba ne inda ake girki da gawayi taku goma daga wurin.

Akwai abin da na'urar ke tona wa asiri wanda allurar dashbod ke rufewa, wato zafin ruwan inji na ainihi. Allura na zama a tsakiya ko ruwa na digiri 75 ko ya kusa 100. Lafiyayyen inji yana aiki ne wajen digiri 85 zuwa 95, kuma tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya ɗau zafi, a Toyota da yawa yana buɗewa a 82. A garejinmu an saba cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, wai ƙasarmu ta yi zafi. Mu ba mu yarda da wannan ba. Motar da aka yi wa haka za ka ga ruwanta na yawo a digiri 60 ko 70 a kan hanya da safe, kwamfuta na ɗauka inji bai gama ɗumama ba tana ta ƙara fetur, wani lokaci ta jefo P0125 ko P0128. Kuma a injuna da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In babu shi, wani kason ruwan zafi na zagayawa ta nan, sai motar da aka cire wa tamostat don kada ta yi zafi ta tafasa a hawa. Mayar da tamostat aiki ne da mai haƙuri zai iya, noti biyu ne da sabuwar roba, sai fitar da iska daga ruwa. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Gyara wayarin fanka da aka yanke kuwa sai mai wayarin.

Idan ruwa na raguwa babu ɗigo a ƙasa, kumfa na tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi na fita bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, gaskit ɗin kan inji ne. Wannan na gareji ne ba musu. Sai an auna kan injin an ga ko ya lanƙwashe, an kai shi an feƙe, an ɗaure notinsa bi da bi da sufana mai auna ɗauri. Garejin da ba shi da wannan sufana kada a bar masa aikin.

Batir kuma sauƙi gare shi. Manhaja na nuna ƙarfin wuta a kafar. Mota ta kwana a kashe, cikakken batir zai nuna wajen 12.6, in ya sauka 12.2 rabi ya rage. Inji na aiki ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da 13 cajin ne ba ya yi, sabon batir ba zai magance komai ba. Wajen canzawa a fara cire kan da ke da alamar ragewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa.

Juyen baƙin mai ba ruwan na'urar da shi, amma tana nuna sakamakon sakaci. Injunan Toyota da aka rubuta wa VVT-i suna amfani da matsin mai wajen juya sandar bawul, kuma man da ya daɗe ko ya yi kauri da yawa yana toshe 'yar rariyar da ke wurin, sai P1349 ta fito, ko P0011 da P0012 a sababbi. Juyen kansa kowa zai iya: notin ƙasa lamba 14, sabon washa a kansa, a shafa ɗan mai a robar sabuwar filta a ɗaure ta da hannu, lita 3.7 a injin 3ZZ. A ƙurar nan shawararmu kada a wuce kilomita 5,000. Injunan ZZ na farkon shekarun 2000 an san su da shan baƙin mai, kuma babu lambar da za ta gaya maka ya ragu. Sandar awo ce kawai, duk mako. Duk aikin da zai sa ka shiga ƙarƙashin mota, jak kaɗai ba ya riƙe rai, sai an sa ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri.

Babbar kasawar ELM327 ita ce inji kawai take gani. Da manhajojin da kowa ke saukewa ba ta shiga kwamfutar ABS ko ta jakar iska a yawancin motoci, kuma ba ta san komai game da birki da taya da shokazoba da sitiyari ba. Allon waya zai iya nuna maka komai lafiya alhali takalmin birki ya kai ƙarfe. Wanda ke sauka gangaren da ke tsakanin Ngaundere da Mbe da mota cike da kaya ya san birki ne ke da magana a wurin. Duba kaurin takalmi aikin gida ne, a cire taya a leƙa, in ya sauka milimita 3 a shirya canji. Canjin na gaba mai natsuwa zai iya, muddin bai bar kalifa, ƙarfen da ke matse takalmin, na reto a jikin tiyo ba, kuma ya tuna ya taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ya motsa motar. Notin tayar Corolla ana ɗaure shi Nm 103 da sufana mai auna ɗauri, ba da tsalle a kan sufana ba. Amma duk abin da zai buɗe hanyar man birki a kai gareji. Man birki na shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Tsohon mai ne ke tafasa a doguwar gangara, feda ta nutse ƙasa babu kamu. Wayoyi da soket masu launin rawaya na jakar iska ne, ba a sa musu hannu.

Mai Hilux mai injin 2KD ko 1KD yana da aikin gida ƙwaya biyu masu muhimmanci: filtar iska, da zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar dizal. A sassauta ɗan famfon da ke ƙasanta, a danna famfon hannu da ke sama har tsabtataccen dizal ya fito, a ɗaure. Iyakarsa ke nan. Matsin da ke cikin bututun nozul ya haura bar 1,000, yana iya huda fata, ba a sassauta shi inji na aiki. Sabon nozul kuma sai an shigar da lambarsa cikin kwamfuta da na'urar Toyota, abin da ELM327 da manhajar waya ba sa yi. Bel ɗin taimin a waɗannan injuna kilomita 150,000 ne, fitilar T-BELT na tunatarwa, kuma kuskuren haƙori ɗaya ko tsinkewar bel na iya haɗa fistin da bawul. Lambobin da suka fara da P07 na giyar atomatik ne, su ma gareji. Abin da mai mota zai sa wa ido shi ne irin man da za a zuba, T-IV da WS ba ɗaya ba ne, kuma ba kowane jan mai ne na giyarsa ba.

Shiga gareji da lamba a hannu yana da nasa ladabi. Makanikin da ya shekara ashirin yana sauraron inji ba zai ji daɗi a miƙo masa waya a ce ga abin da zai canza ba, kuma yana da gaskiya, lamba ba ita ce ganewa ba. Abin da ke aiki shi ne a gaisa, a bar shi ya saurari motar, sannan a ce: "Maigida, P0171 ce ta fito. Na canza filta, na wanke sensa, ba ta sauka ba. Don Allah a fara auna matsin famfo kafin mu sayi komai." Makanikin kirki zai ce wa yaronsa, "Kai, ɗauko ma'auni," ko ya faɗa maka gaskiya cewa ba shi da shi, ya tura ka inda yake. Wanda ya ce, "Alhaji, ai famfo da nozul da sensa duka za a canza," tun bai kwance noti ɗaya ba, da kuɗinka zai yi gwaji. A raba kuɗin aiki da kuɗin kaya tun farko, a kuma ce a ajiye tsofaffin kayan da aka cire. Bayan an karɓi mota a sake soka na'urar bayan tafiyar kwana biyu ko uku. Idan LTFT ta sauko kusa da sifiri, an yi gyara. Idan tana nan inda take, fitila kawai aka kashe.

Wannan dabarar ce ke sa na'urar ta fi amfani ranar sayen kwancen mota. Mai sayarwa na iya goge lambobi da safe, dashbod ya yi fes. Amma kwamfuta na da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na kataliza da na sensar hayaƙi da sauransu, kuma gogewa na mayar da su matsayin waɗanda ba a kammala ba sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Motoci da yawa ma suna nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Motar da aka ce kullum ana hawanta amma ta nuna kilomita 4, akwai tambaya, ko da yake cire batir ma na jawo haka, don haka a tambaya kafin a yi zargi. P0420 kuwa, lambar raunin kataliza, a motocin da suka sauka Duwala sau da yawa tana nufin an ƙwaƙule cikin kataliza an sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Motar za ta yi tafiya, amma a rage wannan a ciniki. A kuma lura ko fitilar inji na kamawa in an murɗa makulli kafin a tayar. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe ta.

Ƙananan aibobinta: rami na 16 yana da wuta ko mota a kashe take, don haka idan aka bar ta a soke tana tsotsar batir a hankali, motar da za ta yi kwanaki a ajiye na iya ƙin tashi. Robar jikinta ba ta jure zafin motar da aka rufe a rana, ajiyarta a gida ko a aljihun ƙofa ya fi. Bayanin lambobi a manhaja da Turanci ko Faransanci yake zuwa, kuma lambobin da suka fara da P1 na kamfani ne, ma'anarsu a Toyota daban da Peugeot, manhaja kan ba da fassarar da ba ta motarka ba. Marasa kyau kuma sukan yanke haɗi ana tsakiyar karatu.

Wajen saye a je da motar har ƙofar shago. A soka, a ga ta nuna juyin inji da zafin ruwa suna motsi na minti biyu ko uku ba yankewa. Kamawar fitilun jikinta ba shaida ba ce, wuta kawai ta samu. Idan mai shago ya ƙi a gwada, a wuce na gaba. A haɗa da soket masu lamba 10 da 12 da 14, soket ɗin fulogi 16, sukundireba, ƙafafun ƙarfe biyu da gwangwanin maganin wanke sensa, waɗannan sun isa duk ayyukan gida da aka ambata ban da na birki, wanda ke buƙatar ƙarin sufana mai auna ɗauri.